Mai Mafarki Da Mai Fassara: Tarke A Kan Littafin Sigmund Freud

Ɗalibin adabi ya saba da wata tambaya wadda ba ta ƙarewa a aji, watau idan an ajiye waƙa a gabanmu, wa ke da ikon faɗin ma'anarta, mawaƙi ko manazarci? A wajenmu dai, in mutum ya yi kuskure, iyakarta ya ga jan biro a gefen takardarsa. To, akwai wani ɗaki inda ake yin wannan tambaya ita-ita, amma kuskure a can yana iya jawo wa mutum hasarar lafiyarsa. Ɗakin shi ne na likitan da ke jinyar masu damuwa ta hanyar zance, matanin da ake nazari kuwa shi ne mafarkin majinyaci. Littafin da ya shigo da mafarki cikin wannan ɗaki shi nake so mu duba a wannan 'yar maƙala, mu ga abin da ya samo da kuma inda ya saki hanya.

Sunan littafin da Jamusanci Die Traumdeutung, watau Fassarar Mafarki. Marubucinsa Sigmund Freud likita ne Bayahude da ya yi aikinsa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. An haife shi a 1856, ya rasu a Landan a 1939. Littafin ya fito a watan Nuwamba na 1899, amma maɗaba'a ta rubuta 1900 a bangonsa. Kofe 600 aka buga, aka yi wajen shekara takwas kafin su ƙare. Daga baya ya karɓu, har aka yi masa bugu takwas a zamanin rayuwar marubucin, kuma kusan kowane bugu sai ya yi masa ƙari. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu na ƙari, domin a kansa yawancin maganata za ta tsaya. Babi bakwai ne a ciki. Na farko bitar abin da magabata suka faɗa ne, yana da gundura, kuma wanda ya tsallake shi bai yi babbar hasara ba. Aiki yana farawa ne a babi na biyu.

A nan ne Freud ya ce kafin shi hanya biyu mutane ke bi. Ko dai a ɗauki mafarki ɗungurungum a ce yana nuni da abu kaza, ko kuma a tsinka shi gaɓa-gaɓa a duba ma'anar kowace gaɓa a littafi, kamar mai duba ƙamus: ka ga wasiƙa, ga ma'anarta, ka ga jana'iza, ga tata. Shi sai ya ɗauki tsinkawar ya ajiye ƙamusun. Majinyaci zai kishingiɗa a doguwar kujera, ya ba da labarin mafarkinsa, sa'an nan a bi shi gaɓa-gaɓa ana tambayarsa abin da ya faɗo masa a rai game da kowace, bisa sharaɗin kada ya tace komai, ko da abin kunya ne ko shirme. Ke nan mabuɗin mafarki ya bar hannun mai fassara ya koma hannun mai mafarki. Mutum biyu za su iya ganin doki a barci, dokin ɗaya ya kai shi ga mahaifinsa, na ɗayan ya kai shi ga bashin da ake bin sa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ganina wannan shi ne babban abin da littafin ya kawo, kuma shi ne abin da har yau bai tsufa ba.

Domin ya gwada hanyar, Freud ya kawo mafarkin kansa, wanda ya yi a daren 23 wayewar 24 ga Yuli, 1895. Yana jinyar wata matashiya da ya sa wa suna Irma a littafin, jinyar kuwa ba ta kammala ba. Ran nan da rana abokinsa, wani likita da ya kira Otto, ya gaya masa cewa ya ga Irma, ta ji sauƙi amma ba ta warke sarai ba. Freud ya ji kamar zargi a cikin muryar, ya zauna da dare ya rubuta tarihin jinyar don ya kare kansa. Da ya kwanta sai ya ga babban zaure cike da baƙi, ga Irma a cikinsu. Ya ja ta gefe yana yi mata faɗa don ta ƙi karɓar maganin da ya ba ta. Ta yi kukan ciwo a maƙogwaro da ciki. Ya leƙa bakinta ya ga wani farin tabo da ɓawon miki. Ya kira wani babban likita, wanda ya duba ya ce cuta ce ta shiga jiki, amma ba komai, atuni zai biyo baya ya fitar da dafin. Sai kowa ya gane daga inda cutar ta fito: Otto ne ya yi mata allura da wani sinadari, kuma da alama sirinjin ba shi da tsabta.

Shafuka da dama Freud ya ci yana bin wannan mafarki layi-layi, kuma lalle karatun yana da daɗi, kamar mutum na bin sawun ɓarawo. Abin da ya cimma shi ne mafarkin ya wanke shi. In Irma ba ta warke ba, laifinta ne da ta ƙi magani. Ko kuma ciwon na jiki ne, ba fanninsa ba. Ko kuma Otto ne da allurarsa. Shi da kansa ya lura cewa waɗannan hujjoji suna karo da juna, har ya kwatanta su da labarin mutumin da aka zarga da mayar da butar aro a huje, ya ce na farko lafiya lau ya mayar da ita, na biyu da hujinta ya are ta, na uku ma shi bai taɓa aron buta ba. Marubucin da zai iya yi wa kansa irin wannan dariya a bainar jama'a ya cancanci a saurare shi.

Akwai wata kalma a mafarkin da ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya a kanta. Abin da Irma ta ƙi karɓa, da Jamusanci Lösung ne. Kalmar tana nufin warware matsala, tana kuma nufin ruwan da aka narkar da sinadari a ciki, irin wanda ake zuƙa a sirinji. Watau kalma guda ta ɗauki bayanin da Freud ya ba majinyaciyar da kuma ƙazamar allurar da Otto ya yi mata, wanda kuwa ya ji haka dole ya tambaya ko allurar Otto ba bayanin Freud ba ne a cikin wata riga. Abin sha'awa, Hausa ta yi dace a nan, domin kalmar magani tana ɗaukar duka biyun: muna shan magani, muna kuma neman maganin matsala. Amma dace ne kawai. Freud ya san cewa mafarki a ɗaure yake da harshen mai shi, har ya yi tsammanin littafin nasa ba zai fassaru ba. Ya kawo labarin Iskandari sarkin Makidoniya lokacin da ya yi wa birnin Taya ƙawanya a shekara ta 332 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya yi mafarkin wani dodon tatsuniyar Girkawa mai suna satyros yana rawa a kan garkuwarsa, mai fassara ya raba kalmar biyu, ta ba da ma'anar Taya taka ce. A littattafan ta'abiri na Larabawa ma akwai irin wannan, inda ɗan itacen safarjal ke nuni da tafiya saboda farkon sunansa safar ne. To, Bahaushen da ya yi mafarkin an ɗaure masa wuya a lokacin da yake shan wuya, ko matar da ta yi mafarkin baƙi sun cika mata gida da baƙin kaya, wane ƙamus da aka rubuta a Biyana ko Basra zai gane musu wannan? Sai wanda ya ji labarin daga bakinsu, da harshensu.

Babi na shida, wanda ya fi kowane tsawo, shi ya fi kusa da sana'armu. A ciki Freud ya bambanta mafarkin da aka tuna da tunanin da ke ƙarƙashinsa, ya kuma bayyana dabarun da zuciya ke bi ta mayar da na biyun ya zama na farko. Akwai dunƙulawa, inda mutum uku ko huɗu ke haɗuwa a fuska guda. Irma ta mafarki, alal misali, ta ɗauki siffofin wata ƙawarta da na matar Freud da na wata majinyaciya da ta mutu a hannunsa. Akwai sauya gurbi, inda nauyin babban al'amari ke komawa kan ƙaramin abu, mutum ya farka yana kuka a kan takalmi alhali ba takalmi ne ke damunsa ba. Akwai mayar da tunani hoto, tun da mafarki ba shi da kalmomi irin su "domin" da "amma" da "idan", sai ya jera hotuna. Daga ƙarshe akwai ɗinkin da zuciya ke yi don tarkacen ya yi kama da labari. Wanda ya yi darasin adon harshe zai ga tsofaffin abokansa a nan, siffantawa da kinaya da alamtarwa. Ko da za a rushe duk sauran littafin, wannan babi zai tsaya a matsayin kyakkyawan bayani a kan yadda ma'ana ke ɓuya a cikin zance.

Sai dai fa mafarkin Irma yana da wani labari a bayansa wanda ba ya cikin littafin. A 1966 Max Schur, likitan da ya duba Freud a ƙarshen rayuwarsa, ya fito da wasu wasiƙu da Freud ya aika wa amininsa Wilhelm Fliess, likitan hanci da maƙogwaro a Balin. Fliess yana da wani ra'ayi cewa cututtuka da yawa daga hanci suke tasowa. A watan Fabrairu na 1895 Freud ya bar shi ya yi wa wata majinyaciyarsa, Emma Eckstein, tiyata a hanci. Ciwo ya ƙi lafawa, wurin ya fara wari. A watan Maris wani likita ya duba, ya zaro ƙyallen bandeji mai tsawon wajen rabin mita da Fliess ya manta a ciki. Jini ya ɓalle, matar ta kusa mutuwa, Freud da kansa sai da ya fice daga ɗakin don jiri. Wata huɗu bayan haka ya yi mafarkin mace mai miki a rami, da likitoci sun kewaye ta, da abokin da ya yi sakaci da kayan aiki. A fassarar da ya buga, Fliess ya fito ne a matsayin masanin da ake dogara da shi, laifi kuwa ya tafi kan Otto. A wasiƙun baya ma har Freud ya kai ga cewa zubar jinin Emma daga begen zuciyarta ya samo asali. Laifi tudu ne. Ba na kawo wannan don tozarta mutumin ba. Abin da yake nunawa shi ne, ko mai hanyar da kansa yakan tsayar da bin sawu daidai inda sawun ya nufi ƙofar da ba ya son a buɗe. In haka ta faru ga mai fassara mafarkin kansa, ina ga wanda ke fassara na wani?

Daga mafarkin Irma ne Freud ya ɗauko jigon littafin, cewa kowane mafarki biyan wani buri ne, galibi burin da aka danne, wanda ya fito a ɓad da kama. Kalmar "kowane" ita ce matsalar. Misalansa na farko ba su da gardama. 'Yarsa Anna tana da wata 19 aka hana ta abinci yini guda don ta yi amai, da dare aka ji tana kiran sunayen abincin da take so cikin barci, har da wainar ƙwai. Mai jin ƙishirwa yakan yi mafarkin shan ruwa. Amma majinyatansa sun fara kawo masa mafarkan da suka saɓa. Matar wani mahauci ta yi mafarkin tana son yin walima, ba ta da komai sai ɗan kyafaffen kifi, ga shi Lahadi ce kantuna a rufe, tarho kuma ya lalace, dole ta fasa. Ina biyan buri a nan? Da aka bi zancen sai ta tuna wata ƙawarta siririya da mijinta ke yawan yabo, shi kuwa mijin mata masu jiki yake so, ƙawar kuma ta roƙi a gayyace ta cin abinci, kuma irin wannan kifi shi ne abin da ta fi so. Ashe burin shi ne kada a ciyar da ƙawa ta yi ƙiba. Wannan fassara ce mai kyau, kuma kayanta duk daga bakin matar suka fito.

Amma a dubi na gaba. Wata ta yi mafarkin tana tafiya hutu tare da surukarta, wadda a farke ta yi duk dabarar da za ta yi don ta guje mata. Freud ya ce burin da mafarkin ya biya shi ne burinta na a ce Freud ya yi kuskure. Wani lauya, abokin karatunsa tun suna yara, ya ji ra'ayin ya je ya yi mafarkin ya faɗi a duk shari'unsa; Freud ya ce a ransa ai shekara takwas yana zuwa na ɗaya a aji, dole wannan yana da burin ya ga ranar da zai kunyata. To, jama'a, in mafarkin da ya dace da ra'ayi hujja ne, wanda ya saɓa masa ma hujja ne, wane mafarki ne zai iya ƙaryata shi? Wannan ita ce sukar da masanin falsafa Karl Popper, shi ma haifaffen Biyana, ya yi wa wannan makaranta: ra'ayin da babu abin da zai iya kayar da shi bai shiga sahun kimiyya ba. Ga majinyaci kuwa al'amarin ya wuce falsafa. In ya yarda, an ce fassara ta yi daidai. In ya ƙi, an ce turjiya ce, turjiya kuwa alama ce an taɓa gaskiya. Gaba kura, baya siyaki.

Abin da gardamar masana ba ta yi ba, yaƙi ya yi. Sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Farko, na 1914 zuwa 1918, sun riƙa ganin fashewar bam ɗin da ya kusa kashe su dare bayan dare, ba ɓad da kama, ba ado, suna farkawa cikin gumi. Ba mai hankalin da zai kira wannan biyan buri. A 1920 Freud ya yarda cewa irin waɗannan mafarkai sun fita daga dokarsa, a 1933 kuma ya sassauta maganar ya ce mafarki yunƙurin biyan buri ne, yunƙurin kuwa yakan faɗi. Amma littafin ya ci gaba da fita da jigonsa na asali.

Yanzu mu komo ga batun ƙari. Bugun farko bai ba fassara da alamomi wani babban wuri ba. A bugun 1909 da na 1911, lokacin da almajirinsa Wilhelm Stekel ke ta rubutu a kan alamomin mafarki, Freud ya fara cusa jerin alamomi, har a bugun 1914 suka sami sashe nasu na kansu. Sarki da sarauniya iyaye ne. Sanda da laima da wuƙa da duk wani dogon abu al'aurar namiji ce. Akwati da ɗaki da tanda na mace ne. Hawa matakala saduwa ce. Gaskiya ne ya yi gargaɗi cewa alamomin taimako ne kawai, kada su maye gurbin abin da mai mafarki ya faɗa. Amma wa ya ji gargaɗin? Wannan sashe shi ya fi sauƙin haddacewa, shi ya shiga fina-finai da barkwanci, shi mutane suka sani da sunan Freud. Ƙamusun da ya kora a babi na biyu ya dawo ta taga a babi na shida. Abin ma da ya fi ban takaici, tsofaffin masu ta'abiri sun fi wannan jeri sassauci. Artemidorus Bagirke, na ƙarni na 2, yakan tambayi sana'ar mai mafarki da matsayinsa kafin ya yi magana. Ana kuma ba da labarin Ibn Sirin na Basra, wanda ake jingina wa littattafan fassarar mafarki da ke yawo a kasuwanninmu, cewa mutum biyu sun zo masa da mafarkin kiran salla, ya ba su fassara biyu mabambanta bisa ga halin da ya gani a tattare da kowanne.

Illar wannan hali ta fito fili a jinyar wata budurwa 'yar shekara 18 da Freud ya kira Dora, wadda ya duba a ƙarshen 1900, ya buga labarinta a 1905. Kukanta shi ne mahaifinta yana neman matar wani abokinsa, shi kuwa abokin yana bibiyarta ita tun tana ƙarama, kuma manya sun yi shiru don cinikin ya yi musu daɗi. Ta yi ta maimaita mafarkin gida ya kama da wuta, mahaifinta na tsaye a bakin gadonta yana tashinta, uwarta na son tsayawa ta ɗauko akwatin kayan adonta, uban ya ce ba zai bari su ƙone don akwati ba. Da aka bi gaɓoɓin, ita da bakinta ta tuna cewa ta fara mafarkin ne bayan ta farka daga barcin rana ta ga mutumin nan tsaye a kanta, kuma mabuɗin ɗakin da take kullewa ya ɓace. Har nan hanyar ta yi aikinta, ta nuna yarinya cikin haɗari tana neman ubanta ya fitar da ita. Sai Freud ya wuce nan. Ya ce akwatin al'aurarta ce, kuma can ƙasan zuciyarta son mutumin take yi. Ta ce dama ta san abin da zai faɗa ke nan. Musunta bai karɓu ba. Ranar 31 ga Disamba, bayan mako 11, ta gaya masa ba za ta sake zuwa ba. In za a yi wa wannan jinya tarke irin namu, sai a ce manazarci ya karanta baiti na farko daga takardar mawaƙiya, sauran kuma ya karanto daga tasa.

Carl Jung, wanda suka raba gari da Freud a 1913, ya ƙi yarda cewa mafarki ɓad da kama ne. A wajensa mafarki na faɗin abin da yake nufi da harshen hoto, yana cike giɓin da tunanin farke ya bari. Gyara ne mai amfani, ko da yake shi ma ya gina nasa rumbun alamomin.

Binciken da aka yi bayan rasuwar Freud ya taɓa littafin ta ɓangarori da dama. A 1953, a Jami'ar Shikago, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano cewa akwai wani mataki na barci da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, yana dawowa kamar kowane minti 90, kuma mafi yawan waɗanda aka tasa a lokacin sukan ce suna cikin mafarki. Wannan ya raunana ra'ayin cewa dannannen buri ne ke tayar da kowane mafarki, tun da ga shi abin yana zuwa bisa agogon jiki. A 1977 Allan Hobson da Robert McCarley na Jami'ar Harvard suka ce tushen ƙwaƙwalwa ne ke harba saƙonni barkatai, sashen sama kuma ya yi ta ƙoƙarin ƙulla labari da su. An ɗauka magana ta ƙare. Sai Mark Solms, masani daga Afirka ta Kudu, ya nuna a 1997 cewa akwai majinyatan da suka daina mafarki ɗungum bayan rauni a wasu sassan ƙwaƙwalwa na sama, alhali barcin motsin ido bai daina zuwa musu ba, kuma ɗaya daga cikin sassan yana da alaƙa da sha'awa da nema. Ta ɓangaren abin da ke cikin mafarki kuwa, Calvin Hall da Robert Van de Castle sun ƙididdige mafarkai 1,000 na ɗalibai 200 a Amurka, suka buga a 1966. Sun tarar tsoro da baƙin ciki sun rinjayi farin ciki, faɗa ya rinjayi zumunci, kuma galibi mutane na mafarkin waɗanda suka sani da abubuwan da suka dame su a farke, ba tare da wani lulluɓi mai kauri ba. A 2004 Daniel Wegner da abokan aikinsa suka sa ɗalibai su yi ƙoƙarin kauce wa tunanin wani mutum kafin su kwanta, sai ga shi sun fi ganinsa a mafarki. Wannan ya yi wa Freud daɗi rabi, domin abin da aka danne ya dawo. Amma ya dawo ne da fuskarsa, kuma ko suna son mutumin ko ba sa so.

Masu jinya ta hanyar zance ba su daina tambayar mafarki ba, sai dai kujerar mai fassara ta sauka ƙasa. Tsarin da Clara Hill ta Jami'ar Maryland ta fitar a 1996 yana farawa da bin gaɓoɓi kamar na Freud, amma majinyaci ake fara tambaya abin da yake gani mafarkin ke nufi, sa'an nan a duba abin da zai sauya a rayuwarsa. Ga masu mugun mafarki irin na sojojin can kuma akwai hanyar da ba ta neman ma'ana sam. A 2001 Barry Krakow da abokan aikinsa suka buga gwajin da suka yi da mata 168 da kusan dukkansu aka yi wa fyaɗe ko wani cin zarafi makamancinsa a jihar New Mexico ta Amurka. An koya wa rabinsu su ɗauki mugun mafarki, su sauya shi yadda suka ga dama a farke, su riƙa maimaita sabon labarin a zuci na 'yan mintoci kullum. Bayan watanni, mugayen mafarkansu sun ragu, barcinsu ya gyaru fiye da na waɗanda ke jiran layi. Watau an miƙa wa mai mafarki alƙalami ta gyara matanin da kanta. Ni dai ina ganin wannan ya fi kusa da ruhin babi na biyu a kan jerin sanduna da akwatuna, ko da yake Freud ba zai so jin haka ba.

Akwai wani ɗan ƙarin bayani a ƙasan shafi cikin nazarin mafarkin Irma inda marubucin ya ce kowane mafarki yana da wani wuri da ba a iya kaiwa ƙarshensa, ya kira wurin cibiyar mafarki. Tun bugun farko yake nan, kafin almajirai da suna su zo. Wanda zai nemi littafin a laburare, mai yiwuwa fassarar Ingilishi ta James Strachey ta 1953 zai samu, ita kuwa tana da wata fa'ida: Strachey ya sa shekarar da aka ƙara kowane sakin layi. Sai a karanta ana duba shekarun, a ga abin da likitan 1899 ya rubuta da abin da shugaban makaranta na 1914 ya ɗora a kai. Akwai kuma fassarar Joyce Crick ta 1999, wadda ta bi bugun farko zalla, kuma ta fi ta Strachey ƙanƙanta nesa ba kusa ba.